Amsoshin Tambayoyinku: Cikon Kuɗin Kwangila

Wani mai sauraronmu, ɗan kwangila daga Gashuwa, ya ce ya gama ginin azuzuwa a Nguru, amma cikon kuɗinsa ya maƙale. Me ke jawo haka?

To Malam, galibi dalili biyu ne. Na farko, kuɗin riƙo: akan riƙe kamar kashi 5 cikin 100 na wata shida ko shekara, a ga ko bango zai tsage ko rufi zai yi yoyo. Na biyu, ƙarin aikin da aka sa ka da baki, ba a rubuce ba.

Ka karɓi takardar kammala aiki daga injiniya. Takardar kammala aiki ita ce hujjarka. Idan biya ya gagara, dokar sulhu ta 2023 ta buɗe ƙofar sasantawa. Allah Ya warware.