Haɗa Bidiyon Hawan Salla Cikin Ƙurarren Lokaci

Manufar wannan maƙala ita ce jan hankalin ɗalibin da ya ɗauko bidiyon Hawan Salla a Haɗejiya, aka kuma buƙaci ya miƙa shi washegari.

Da farko, ya kwafe abin da ya ɗauko wuri biyu. Sa'an nan ya kalle shi sau ɗaya, yana rubuta mintin da kowane hakimi ya wuce.

Na biyu, ya gina aikin bisa sauti, domin kirarin maroƙa da busar algaita su ke bayyana wanda yake tafe. Ya yanka inda maroƙi ya numfasa. Wanda ya datse kirari a tsakiya ya tauye wa basarake asalinsa.

Na uku, kada ya sauya jerin hakimai don neman gajartawa. Jerin nan matsayi ne, kuma Haɗejiyawa za su gane. Fitowar Mai Martaba Sarki Adamu Abubakar Maje, wanda ya hau gado a 2002, a bar ta cikakkiya.

Daga ƙarshe, ado ya jira. Ya ware awa biyu na fitar da bidiyon, saboda wutar lantarki ba ta da tabbas.