Shayin Rage Ƙiba da Ƙwayoyin "Daidaita Homon": Me Suke Yi a Jikin Mace?

Duk ɗalibar da ke duba sitatus na WhatsApp ko TikTok ta san tallan nan. Hoto biyu ne gefe da gefe, ɗaya da tumbi ɗaya ciki a shafe, a ƙasa an rubuta: rage kilo 5 a mako ɗaya, yana daidaita homon, yana gyara al'ada, ba shi da illa tunda na ganye ne. Ana kawo shi har ɗakin kwanan ɗalibai, ana kuma aika shi Tsafe ko Bunguɗu a motar haya. Kafin ki taɓa kuɗin da aka turo miki na abinci da handawut, zo mu yi lissafi irin na aji.

Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Kilo 5 ke nan kalori 38,500. Mace baliga tana buƙatar kamar kalori 2,000 a rana, wato 14,000 a mako. Ashe ko da za ki yi kwana bakwai ba ki sa komai a baki ba, ba za ki ƙona rabin wancan kitsen ba. To, idan sikeli ya nuna kin sauka, me ya fita? Ruwa ne da abin da ke cikin hanji.

Da yawa daga cikin shayin nan ganyen sena ke ciki, wanda mu muka sani da filasko, na wankin ciki. Aikinsa shi ne ya zaburar da babban hanji ya fitar da abin da ke cikinsa da sauri. Amma kafin abinci ya kai can, ƙaramin hanji ya riga ya tsotse mafi yawan kalorinsa. Kitsen yana nan daram. Abin da kika yi asara shi ne ruwa da gishirin jiki, musamman fotasiyom, wanda zuciya ke buƙata don bugu daidai. Daga nan sai jiri, kasala, ɗaurewar jijiyoyin ƙafa da faɗuwar gaba. Ki haɗa wannan da zafin Gusau na watan Afrilu, ko da azumi, ko makon jarrabawa da ba a barci, ki ga aikin da aka ɗora wa ƙoda. Wadda ta daɗe tana sha kuwa, hanjinta kan saba, har bayan gida ya gagara sai da shi. Matan aure da ke cikinmu kuma su lura: gudawa mai tsanani na iya hana ƙwayar tazarar haihuwa shiga jiki yadda ya kamata.

Wannan ma mai sauƙi ne, domin an san abin da ke ciki. Akwai wani magani mai suna sibutramine da likitoci suka taɓa bayarwa don rage cin abinci. A 2010 aka janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka, bayan bincike ya nuna yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Tun daga lokacin hukumomin magunguna na ƙasashe daban-daban ke ta gano shi a ɓoye cikin shayi da kofi da kafso na rage ƙiba, masu rubutun "ganye zalla" a jiki. Idan kin sha wani abu sai bakinki ya bushe, barci ya ƙaurace, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, ki ajiye shi. Ko koren shayi, wanda shansa a kofi ba laifi, idan aka tace shi aka cusa a kafso labari ya canja: a 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 800 ko fiye na sinadarinsa EGCG a rana na iya taɓa hanta.

Sai mai talla ta ce, ai da lambar NAFDAC. Ki duba lambar da kyau. Maganin gargajiya da lambarsa ta ƙare da harafin L, ma'anarsa an gwada shi ta fuskar ko yana da guba, aka ba shi izini na wani lokaci. Ba a tabbatar yana yin aikin da aka ce yana yi ba, shi ya sa ake buga gargaɗi da ƙananan haruffa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Wanda aka zuba a leda ko robar da ba suna ba adireshi, shi kam ba ya cikin lissafi.

Yanzu batun homon, wanda shi ne ya fi cin kuɗin mata. Homon ba abu ɗaya ba ne da ke karkacewa a zo a daidaita shi kamar sikelin mai nama. Saƙonni ne da sassan jiki ke aika wa juna ta cikin jini, suna da yawa, kowane da aikinsa: insulin na sarrafa suga, na tayirod da ke gaban wuya na tsara saurin ƙona abinci, isturojin da furojestaron na tafiyar da haila. Kafso ɗaya da zai gyara su duka, ga kowace mace, ba tare da an auna ko ɗaya ba, babu shi.

Abin da ya sa tallan ke shiga rai shi ne matsalar da yake ambata gaskiya ce. Akwai larurar da likitoci ke kira PCOS, wadda ke shafar kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita ba su san suna da ita ba. Alamunta su ne haila mai tsallake watanni, ƙuraje a fuska, gashi a haɓa ko ƙirji, da ƙiba mai wuyar sauka. A wajen da yawa, jiki ba ya jin maganar insulin, sai ya ƙara samar da shi, shi kuma yawansa ya sa ƙwan mace ya ƙi fita a kan lokaci. Ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi kan taimaka haila ta dawo. Ga mai kilo 80, kilo 4 zuwa 8 ke nan, a cikin watanni. Likita na iya ƙarawa da metformin ko wani magani. Inositol da ake yayi yanzu, ƙa'idojin duniya na 2023 kan wannan larura sun ce hujjar amfaninsa ba ta da ƙarfi tukuna. Raunin tayirod ma na kawo ƙiba da kasala da jin sanyi, kuma gwajin jini ne kawai ke nuna shi.

Yunwar dole ita ma tana rikita homon. Idan jiki ya ga abinci ya yi ƙaranci sosai, ƙwaƙwalwa kan dakatar da saƙon fitar ƙwai, haila ta ɗauke. Haka masu neman ƙiba da ƙwayar dexamethasone, wadda wasu ke kira sha-ka-fashe: fuska ta kumbura, suga da hawan jini su tashi, fata ta tsattsage, kuma tsayar da ita farat ɗaya bayan an daɗe ana sha haɗari ne, sai likita ya rage ta a hankali. Abin mamaki, ɗaki ɗaya sai ki sami mai shan na ragewa da mai shan na ƙarawa, kuma watakila dukansu nauyinsu daidai yake. Ki raba nauyinki da tsawonki sau tsawonki a mita. Mai kilo 60 da tsawon mita 1.6 za ta sami 23.4, kuma daga 18.5 zuwa 24.9 lafiya lau ne.

Ba ina cewa duk ƙwayar ƙarin sinadarai banza ba ce. Tana da amfani inda akwai giɓi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini, alhali masu nauyi fiye da ƙima kashi 28 ne. Wato gajiyar da ake gaya miki homon ne, ta fi yiwuwa ƙarancin sinadarin ayon ne, musamman ga mai zubar jini da yawa lokacin al'ada. Ƙwayarsa tana da araha a kemis, sai dai a fara auna jini, kuma kada a kora ta da shayi, domin shayi na hana ta shiga jiki; lemun zaƙi ya fi. Wadda ke shirin aure ko ɗaukar ciki kuma, folik asid maikurogiram 400 a rana tun kafin cikin ya shiga yana kare jariri daga nakasar laka da ƙwaƙwalwa. Sauran kuwa suna cikin kwanonmu: wake, kwaɗon zogale, rama, hanta, ƙwai, da gishiri mai aidin. Abin ragewa shi ne lemun kwalba, sugan da ake antayawa a fura da kunu, da taliyar leda ta tsakar dare.

Idan hailarki ta yi wata uku ba ta zo ba, ko nauyinki ya canja ba dalili, ki fara da asibitin makaranta ko babban asibitin Tsafe ko na Bunguɗu. Idan ana buƙatar likitan mata da sikanin, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau. Ki tafi da kwanakin al'adarki na wata shida a rubuce, da kwalin duk abin da kike sha, har na gyaran gashi da farce, domin bayotin da ke cikinsu na iya ɓata sakamakon gwajin tayirod.