Matsayin Haɗa Kundin Takarda da Na'urar Lissafin Sa'o'i a Dokar Tuƙin Tirela ta Amurka

Dokar tarayyar Amurka ta wajabta wa direban babbar motar kaya da ke ƙetare iyakokin jihohi ya riƙe kundin aiki, wanda a cikinsa ake kasa yini gida huɗu: lokacin hutu, lokacin kwanciya a makwancin da ke bayan kujera, lokacin tuƙi, da lokacin aikin da ba tuƙi ba, kamar lodi ko duba lafiyar mota. Da wannan kundi ake tabbatar da cewa direba bai wuce sa'o'i 11 yana tuƙi ba bayan hutun sa'o'i 10 a jere, bai ci gaba da tuƙi ba bayan cikar sa'o'i 14 da kama aiki, kuma bai yi tuƙi ba bayan ya tara sa'o'in aiki 60 a kwana 7 ko 70 a kwana 8.

Shekaru da dama da biro ake cika kundin a kan takarda mai zanen layuka, har zuwa lokacin da majalisar dokokin ƙasar ta yi doka a 2012, wadda ta umarci hukumar kula da lafiyar sufurin manyan motoci, wato FMCSA, ta tilasta amfani da na'urar da ake kira ELD. Na'urar tana haɗe da injin mota, kuma da zarar gudu ya kai mil 5 a sa'a sai ta fara lissafa lokacin a matsayin tuƙi. An fitar da ƙa'idar a Disamban 2015, ta fara aiki ranar 18 ga Disamba, 2017.

Tambayar da sababbin direbobi suka fi yi wa masu duba takardu a kamfanonin sufuri ita ce ko laifi ne a sami kundin takarda a motar da ke da na'ura. Ajiye takardar ba laifi ba ne, hasali ma doka ce ta ce kowace mota mai na'ura ta kasance da takardun da ba a cika ba waɗanda za su isa aƙalla kwana 8. Idan na'ura ta lalace, direba zai sanar da kamfaninsa a rubuce cikin sa'o'i 24, ya sake tsara bayanan ranar da na kwana 7 da suka gabata a takarda matuƙar ba zai iya ciro su daga na'urar ba, sannan ya ci gaba da rubutawa da hannu, shi kuwa kamfani yana da kwana 8 ya gyara ko ya sauya ta, sai fa idan hukumar ta ƙara masa wa'adi.

Akwai kuma waɗanda aka ɗauke wa wajibcin na'ura, daga ciki har da masu tuƙa motar da injinta ya girmi samfurin shekarar 2000, da masu kai motar da ita kanta ce hajar, da waɗanda ba sa buƙatar kundi fiye da kwana 8 a cikin kwana 30. Direban da ya yi Litinin a tsohuwar mota, ya koma mai na'ura ranar Talata, zai iya riƙe nau'i biyu na bayanai a mako guda, muddin idan aka jera su sun cike kwanakin da jami'in binciken motoci a hanya zai nema ba tare da giɓi ko saɓani ba.

Inda laifi yake shi ne a sami kundi biyu suna ba da labari daban-daban a kan sa'o'i guda, kamar direban da zai cire na'ura ko ya fita daga asusunsa ya yi tafiyar dare, sannan ya nuna takardar da ta ce yana barci. Taura biyu ba ta taunuwa, domin sashe na 395.8 na ƙa'idojin hukumar ya haramta wa direba da kamfani ba da rahoton ƙarya. Gano irin wannan ba ya wuya, tunda na'ura tana adana lissafin mil da sa'o'in injin, tana kuma ware duk tafiyar da aka yi ba da sunan kowa ba, ga rasit na mai da na kuɗin hanya da takardun kaya masu ɗauke da lokaci da wuri. Jami'in da ya kama kundin ƙarya a hanya yana da ikon tsayar da direba sa'o'i 10, ban da tara da tabon da zai shiga tarihin direban da na kamfanin, wanda doka ta ce ya ajiye bayanan kundin tsawon wata 6.

Saboda haka, direban da ya ga kuskure a na'ura, misali ya manta bai sauya matsayinsa zuwa hutu ba, hanyar da doka ta buɗe masa ita ce ya gyara a cikin na'urar tare da rubuta dalili, domin tana riƙe bayanin farko da gyaran gaba ɗaya, ko da yake ba ta bari a mayar da lokacin tuƙi ya zama hutu. Wanda kuma yake rubuta sa'o'insa a wani littafi don lissafin albashi, ya kamata ya tabbatar sun dace da na na'ura, domin ranar da aka yi hatsari aka je kotu, lauyoyi za su iya neman duk rubutun da ya shafi tafiyar.