Hasken Rana Zai Iya Wanke Ruwan Rini?

Tambaya: Ni marini ne a unguwar Marina, Sakkwato. Ɗana da ke jami'a ya ce akwai hodar da ake zubawa cikin ruwan rini, a shanya a rana, launin ya ɓace. Gaskiya ne, ko labarin 'yan boko ne?

Amsa: Malam, ɗanka bai yi maka ƙarya ba. Hodar da aka fi amfani da ita sunanta titaniyam dayoksaid, farar hoda ce da ake sa wa a farin fenti, sai kuma zinki oksaid. Dukansu suna cikin rukunin sinadaran da ke tsakiya, ba su ɗaukar wutar lantarki kamar waya, ba su kuma toshe ta kamar roba. Silikon ɗin farantin sola ma ɗan wannan rukuni ne.

Idan haske mai ƙarfi ya faɗa kan ƙwayar hodar, sai ya tunkuɗo ƙwayar lantarki daga mazauninta. Ita da gurbin da ta bari su haɗu da ruwa da iskar oksijin, su haifi wasu ƙwayoyi masu cin duk abin da suka tarar. Su ne ke farfasa rinin, har in aikin ya kammala ya koma ruwa da iskar kabon da ɗan gishiri. Hodar kuwa ba ta ƙarewa, ana tace ta a sake aiki da ita. Masana biyu 'yan Japan, Fujishima da Honda, su suka buɗe wannan fage a 1972.

Amma a yi hattara. Titaniyam dayoksaid wani ɗan yanki ne kawai na hasken rana ke tayar da shi, kusan kashi 5 cikin 100. Ruwan da ya yi kauri da rinin kanti da soda, haske ba ya ratsa shi, sai an bar shi ya kwanta an tace. Abin da ya fi damuna shi ne, launi kan ɓace tun kafin gubar ta mutu. Ruwa ya yi fari, dabba ta sha, ta cutu.

Rana dai Allah Ya hore mana ita a Sakkwato, ga kuma Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ina kira ga marina su haɗa kai su nemi masana su gwada wannan a kan ruwanmu. Kafin nan, Malam, kada a juye ruwan rini a kwatar da ke gangarawa gulbi, kuma kada yara su yi wasa a cikinsa.