Wa Ya Taya Ka Ɗaukar Jinka? Wasiƙa Zuwa ga Ɗan Ƙanena



Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, kuma aiki yana tafiya yadda ake so. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya haskaka kabarinsa.

Na so in yi maka wannan magana baki da baki ranar da muka taru a gida da babbar sallah, amma mutane sun yi yawa, kuma ba a yi wa magidanci faɗa a gaban matarsa. Bayan ka koma Abuja na kira wayarka sau biyu ba ka ɗauka ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na cire sunanka, na bar wasiƙar a buɗe, don na lura sa'anninka da yawa suna sha daga rijiyar da kake sha.

Ka tuna abin da ya faru. Goggonku ta kawo maganar ɗanta mai tuƙa A Daidaita Sahu, wanda mai mashin ya karɓe makulli saboda ya kasa cika balas. Ta roƙi 'yan'uwa a haɗa masa ɗan abin da zai tashi da shi. Kowa ya yi shiru yana lissafin aljihunsa, sai kai ka ce, “Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ni ma ba wanda ya ba ni.” Na ga lokacin da ta ja mayafinta ta rufe fuska. Kai ba ka gani ba, idonka yana kan waya.

Daga baya jikokina suka karanta mini abin da kake rubutawa a Facebook: wai talauci lalaci ne, wai gwamnati ba uban kowa ba ce, wai abin da ya kashe Arewa shi ne “Allah ba ku mu samu”. Abu uku nake so in faɗa maka a kan wannan, in Allah ya yarda.

Kafin nan, ka sani ban ce duk maganarka ƙarya ce ba. Ni ma raina yana ɓaci in na ga ƙato mai lafiya ya wuni a majalisa yana shan shayi bashi, yana jiran ɗan siyasa ya wuce ya yi masa kirari. Na tsani maula. Na tsani mutum ya tara mata da 'ya'ya, ya kori yaran titi da roba a hannu, ya ce Allah zai ciyar. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya umarci balaraben nan ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya yi tawakkali. Wannan duk mun yi tarayya da kai a ciki.

Na ga kuma ka kawo labarin Abdurrahman ɗan Aufu, wanda ya isa Madina ba shi da komai, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa, har ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Labari ne na gaskiya, amma rabinsa ka ɗauko. Kafin ya nemi hanyar kasuwa, Sa'adu ɗan Rabi'u, mutumin Madina da aka ƙulla musu 'yan'uwantaka, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka ya ƙi karɓa. Mutum biyu ne a labarin, kowanne da nasa darasi. Na Abdurrahman na wanda ba shi da shi ne: kada ya kwanta. Na Sa'adu na mai shi ne: ya miƙa hannu tun kafin a tambaye shi. Yau kai ne a matsayin Sa'adu, sai ka bar naka darasin ka ɗauki na ɗan'uwanka kana dukansa da shi.

Sannan wannan kalma, “ba wanda ya ba ni”. Ɗana, ka ji tsoron Allah. Shekararka 11 mahaifinka ya rasu. Wa ya tashi da asuba yana suyar ƙosai har hayaƙi ya cinye masa ido? Adashin wa aka kwashe aka saya maka littattafai? Shekarar da za ka rubuta jarrabawar gama sakandare, kuɗi ya gagara, wata mata ta ja tunkiyarta ɗaya tilo, mai ciki, aka kai kasuwa. Ni na riƙe igiyar. Matar nan ita ce ta rufe fuska da mayafi ranar sallah. Ba ta taɓa faɗa maka ba, kuma za ta ji haushina da na faɗa. Jami'ar da ka yi ma ta gwamnati ce, da dukiyar jama'a aka gina ta, da ita ake biyan malaman da suka koyar da kai. Ƙoƙari kam ka yi, na shaida, na sha ganin ka da fitilar ƙwai har tsakar dare. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma taka jinkar hannuwa da yawa suka ɗora ta.

Kuna ɗauka wannan ra'ayi sabo ne da kuka gano a intanet. Tsohuwar gardama ce, mun rayu a cikinta. Ina yaro na ga an zaunar da kakanka a rana a ƙofar mai unguwa saboda bai cika kuɗin haraji ba, shekarar da damina ta yi gardama. Mutumin da ba a taɓa riga shi zuwa gona ba. Masu sarauta a lokacin ma abin da suke cewa ke nan: talaka malalaci ne. Don irin wannan aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, mutanen Malam Aminu Kano suka sha ɗauri da bulala a kan cewa talaka mutum ne. Su wa ke cikinta? Teloli, maƙera, mahauta, 'yan koli, malaman zaure. Masu cin guminsu ne, ba mabarata ba. Malam bai taɓa cewa talaka ya zauna a ba shi ba, cewa ya yi a ɗage masa ƙafar da ke kan wuyansa. Da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, na ga tsofaffi suna kuka don murna. Malam ya rasu a watan Afrilu 1983, bai bar wata dukiya ba. Ka je Gwammaja ka ga Gidan Mambayya da idonka, ka auna shi da gidajen da kake wucewa a Maitama.

A daidai wannan zamani can Ingila, firaministarsu Margaret Thatcher tana koyar da akasin haka: gwamnati ta janye hannu, kasuwa ta yi halinta, kowa ya ji da kansa da iyalinsa. Mu 'yan ƙungiyar ƙwadago muna bin labarin yajin aikin masu haƙar gawayi na 1984 a rediyo, muna ganin abu ne na nesa. Ba a jima ba iskar ta iso mana. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar naira, aka ce kowa ya ɗaure ɗamara.

Nan ne zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa mahaifinka ba.

Ka san na yi aiki a wata masaƙa a Kakuri. Tun 1957 aka buɗe masaƙa ta farko a Kaduna, zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya. Da ka ga Kakuri a lokacin! In jiniya ta yi kuka, kekuna ne kamar fari, sai mai mota ya tsaya ya jira. Bahaushe, Bajju, Tibi, Idoma, Bayarabe, kwano ɗaya muke ci a wajen mai tuwo. In matar wani ta haihu, a zagaya da hula. In wani ya rasu, a haɗa kuɗin motar kai gawa garinsu, ba a tambayar addininsa. Audugar daga Funtuwa da Gusau take zuwa, manomi ya samu, direba ya samu, mai tuwo ta samu. Daga baya wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin mai ya yi tsada, injuna suka tsufa ba kuɗin sayo kayan gyara, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa da araha. Masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Dubban magidanta suka wayi gari ba aiki. Ka gaya mini, a dare ɗaya suka zama malalata?

Ni Allah ya rufa mini asiri. Surukina ya ba ni jari da ɗan gefen shago a Kantin Kwari. Cikin shekara uku na farfaɗo, na fara jin kaina, na fara ganin dabarata ce. Wata ranar Alhamis bayan la'asar sai ga abokina ya zo daga Kaduna. Ba zan kama sunansa ba, 'ya'yansa suna nan da rai. Shekara 19 muna tsaye a layin inji ɗaya. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Muka gaisa, ya daɗe yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce in ranta masa abin da zai fara sayar da gawayi kafin a biya su kuɗin sallama. Kuɗin yana cikin aljihuna a lokacin. Sai na ce masa, “Lokacin da ake samu me ka yi da naka? Ni da ka gan ni nan tattali na yi.” Bai ce komai ba. Ya sa hularsa, ya ce Allah ya ƙara buɗi. Na ba shi kuɗin mota, ya ƙi karɓa.

Ban sake ganinsa ba. Ya kama gadi a wani gida, hawan jini ya kwantar da shi, ya rasu kuɗin sallamar bai fito ba. A wajen zaman makoki matarsa ta gaya mini inda albashinsa ya riƙa tafiya duk shekarun nan: marayun yayansa bakwai yake riƙe da su a ƙauye, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Na dawo shago na zauna ina kallon kayan da nake sayarwa. Yawancinsu irin atamfar nan ce ta waje da ta rufe mana masaƙa. Jarin na surukina ne, ribar daga abin da ya kashe aikin abokina take, ni kuma na buɗe baki na yi masa wa'azin tattali. Fiye da shekara ashirin ke nan, har yau in na yi sujada sai na ga hular nan tana juyawa. Na yi wa 'ya'yansa abin da zan iya, amma shi da na ɓata wa rai ba ya nan balle in roƙe shi gafara. Da na sani ƙeya ce.

Muryata ta ranar nan na ji a bakinka ranar sallah. Shi ya hana ni barci.

Ka taɓa zama da ɗan goggonka ka tambaye shi lissafin yininsa? Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaban ƙasa ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan ta ci gaba da hawa. Fasinja ya koma tafiya a ƙasa, mai mashin bai rage balas ba. Ba na gardama da kai a kan ko cire tallafin daidai ne, masana ma sun rabu biyu. Amma yaron nan ba shi ya yanke hukuncin ba, shi dai a kansa ya sauka. Yana fita tun sallar asuba. Kai kana zaune cikin sanyin ofis kana kiransa rago! Wa ya koya muku wannan taurin zuciya? Kun karanta littafi biyu na Turawa a kan yadda ake zama attajiri, kun dawo kuna raina iyayen da suka yi gayya suka nome gonar mara lafiya kafin tasu. Halifa Umar ya dakatar da yanke hannun ɓarawo a shekarar yunwa, don ya san akwai lokacin da hali yake fin ƙarfin mutum. Kun fi Umar sanin adalci ne? Zakkar da kake fitarwa, ɗaya cikin arba'in, in ma kana fitarwa, ba kyauta ba ce, haƙƙin mai ita ne da aka ajiye a hannunka. Halifa Abubakar yaƙi ya yi da waɗanda suka hana ta.

Na ce abu uku zan faɗa maka, ga shi takarda ta kusa cika, idona kuma ya gaji. Sauran biyun, na zaɓen shugabanni da na tarbiyyar 'ya'yanka, sai ka zo. Ka riƙe wannan ɗaya. In kana yi wa kanka hisabi, ka tsananta: kada ka ɗora wa gwamnati ko maƙiya laifin abin da sakacinka ya jawo. In ka juyo kan ɗan'uwanka, ka sassauta, ka fara tambaya kafin hukunci, don ba ka san kayan da ke kansa ba. Ban ce ka ciyar da rago ba. In ka bincika ka ga yaron nan wasa yake yi, ni zan fara riƙe masa kunne. Amma ka bincika tukuna.

Goggonku tana nan, ƙafa tana damunta, ba ta fita sosai. Ba ta kawo ƙararka wurina ba, ko jiya sai da ta sa maka albarka. Kada ka tura mata kuɗi ta waya ka ce ka gama. Zumunta a ƙafa take. Ka zo da kanka, ka durƙusa ka gaishe ta, ka nemi ɗanta ku zauna a zaure ya yi maka lissafi. Ni ban sami wannan damar da abokina ba. Kai taka tana nan tukuna, amma goggonku ta haura saba'in.

Allah ya yi maka albarka, ya ƙara maka buɗi na halal, ya tausasa zuciyarka. Ka gaishe da mai ɗakinka da yara.

Wassalam.

Baffanka,
daga Kano.