Hoton Ƙashi Ba Ya Jin Ciwo

Yawancin waɗanda ake turo mana sashen gashin ƙashi da ciwon baya sun haura shekara 50, kuma kowa da ambulan ɗin hotonsa yake shigowa. Tun kafin ya zauna zai miƙo: "Likita, an ce ƙashin bayana ya zaizaye." Wani har an tsorata shi da keken guragu, sai ya bar kasuwa, ya bar gona, ya tare a kan tabarma a soro.

Zaizayewar gaskiya ce. Tsakanin kusan kowane ƙashin gadon baya da na kusa da shi akwai wani faifai mai laushi da ke riƙe ruwa, shi ke shanye nauyi da jijjiga. Idan shekaru suka ja sai ruwan ya ragu, faifan ya motse, ƙasusuwan su matso juna, gefensu ya yi ɗan tsiro. Ƙasusuwa biyar na ƙugu sun fi shan wahala, musamman biyun ƙasa. Sai dai wannan furfura ce ta cikin jiki. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2015 ya tattara hotunan mutanen da bayansu ba ya ciwo ko kaɗan, aka tarar da zaizayewar faifai a jikin kashi 37 cikin ɗari na 'yan shekara 20, da kashi 96 cikin ɗari na 'yan shekara 80. Shi ya sa nakan ajiye ambulan ɗin gefe in ce, "Baba, tashi ka taka in gani."

Abin da ke kassara mutum shi ne doguwar kwanciya. Naman da ke tallafe da ƙugu yakan saki, gaɓɓai su sandare, ranar da ya yunƙura ciwon ya ninku, sai ya ƙara gaskata cewa motsi ne ke cutar da shi. Idan ciwo ya taso a huta kwana ɗaya ko biyu, a gasa wurin da tawul mai ɗumi, sannan a miƙe. Tafiyar minti 10 ta isa farawa, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Dattijon da ke takawa masallaci sau biyar ya riga ya samu rabin maganinsa. Idan ruku'u da sujada suka gagara, malamai sun bayyana sauƙin yin salla a zaune, kada dai tafiyar ta tsaya. Da safe kafin a sauko daga gado, a kwanta rigingine a jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, a saki, a jawo ɗayar. Sannan a dasa tafin ƙafa a ɗaga ƙugu sama sau 10. Ɗan ciwon da ya lafa kafin washegari ba ɓarna ba ce.

Iyayenmu mata kuwa, gajeriyar tsintsiya da wanki a duƙe ne ke cinye su. Wata Hajiya ta ce min, "Ɗan nan, in na gama shara sai na dafa bango nake miƙewa." Na roƙi jikarta ta ɗaura wa tsintsiyar sanda, a kuma ɗora bahon wanki a kan benci. Jarkar ruwa mai lita 25 a bar wa samari, ko a raba ta biyu.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne haɗin kemis: ƙwaya huɗu ko biyar a ƙullin leda, babu suna. Sau da yawa akwai diclofenac da ibuprofen a ciki tare, alhali aikinsu ɗaya, ga dexamethasone mai kumbura fuska, ya ta da sukari, ya raunana ƙashin da ake son gyarawa. Tsoho mai hawan jini ya yi wata shida yana sha, ƙoda ta taɓu ko gyambon ciki ya fashe. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta kan ciwon ƙugu mai daɗewa: ta goyi bayan motsa jiki da ilimantar da majiyyaci, ta ce a guji ɗamarar ƙugu, da jan baya da na'ura, da ƙwayoyi dangin tramadol. Masu ɗora wa basir ko sanyi laifi su yi ta shan jiƙo, su ma ƙodar ce ke biya.

Akwai waɗanda tsiron ya matse musu hanyar jijiya: in sun yi tafiya ƙafafu su yi nauyi, in sun zauna ko sun sunkuya su ji sauƙi. Tuƙa keke ya fi musu daɗi, kuma kaɗan ne cikinsu ke kaiwa ga tiyata a wuri irin Asibitin Ƙashi na Dala.

Amma wani ciwon ba na tsufa ba ne. Ciwon baya da zazzaɓi, gumin dare da rama na iya zama tarin fuka da ya kama ƙashi, kuma muna ganinsa a ƙasar nan. Namijin da ya manyanta, fitsari na masa wuya, ciwon na hana shi barci, a duba masa mafitsara da abin da ke ƙarƙashinta. Idan kuwa fitsari ko bayan gida ya fara kuɓucewa, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta fara ja, a tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.