Mijina Ɗan Nijar Ne, 'Ya'yana 'Yan Ina Ne?

Ni Bakanuwa ce gaba da baya, maigidana kuwa mutumin Maraɗi ne, shekararsa 18 yana kasuwanci a Kano. 'Ya'yanmu uku, babban a Maraɗi na haife shi. Yanzu yaron yana neman fasfo, sai dangi ke ce mini ɗa na uba ne, wai yaran nan ba su da rabo a Najeriya. Abin ya hana ni barci. Shi kuma maigidan, zai iya zama ɗan ƙasa ta dalilina?

'Yar'uwarki daga Fagge

Kwantar da hankalinki. Dangin naki maganar nasaba suke yi, amma zama ɗan ƙasa hukuncin tsarin mulki ne. Sashe na 25 na kundin 1999 ya ce wanda uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne tun haihuwa, ko a cikin ƙasar aka haife shi ko a waje. Saboda haka babban ɗanki da ƙannensa duk ɗaya suke a gaban doka. Riƙe takardun Nijar ma ba zai ƙwace musu wannan haƙƙi ba, don sashe na 28 bai hana wanda aka haifa ɗan ƙasa riƙe ƙasa biyu ba, ita ma Nijar ta amince da haka tun 2014.

Inda za ki iya shan wuya shi ne takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda galibi ta gefen uba ake bi. Ki tafi da taki takardar asalin, da lambarki ta NIN, da takardun haihuwar yaran.

Batun maigida ne ke ci mini rai. Sashe na 26 ya ba baƙuwar da ɗan Najeriya ya aura damar yin rajista, amma bai ba mijinki irin wannan dama ba. A watan Maris na 2022 Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta yi fatali da ƙudirin gyara wannan, kuma a ganina an zalunci mata irinki.

Hanyarsa ita ce sashe na 27: zaman shekara 15, kyakkyawan hali, gwamnan jiha ya gamsu cewa jama'ar unguwa sun karɓe shi, sannan shugaban ƙasa ya amince. Shekarunsa sun kai. Ya tattara shaidar zamansa, ya nema ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kada ya ba ɗan kamasho ko sisi.